Wake Biyu da Gyaɗa Ɗaya: Mu Daina Haddace Abin da Za Mu Iya Ƙirgawa



A gwajin kimiyya da aka yi mana a zangon karatun da ya wuce, akwai tambaya ɗaya da na ci sifiri a cikinta, kuma har yau tana raina. Malam ya rubuta a allo:

Mg + O₂ → MgO

Ya ce mu daidaita. Na duba hagu na ga oksijin biyu, na duba dama na ga ɗaya. Na ce ai wannan kyauta ce. Na ɗauki biro na liƙa wata 'yar ƙaramar 2 a gindin O na dama, ya koma MgO₂, na miƙa takardata ina murna. Ranar da aka raba mana takardu sai na tarar jan biro ya zagaye 'yar 2 ɗin nan tawa. Na leƙa takardun na kusa da ni, na ga ashe muna da yawa. Sai na je wajen biyu daga cikin waɗanda suka ci, na tambaye su dalilin da ya sa ake saka 2 a gaban Mg da gaban MgO. Dukkansu amsa ɗaya suka ba ni, wai haka yake a littafi.

Wannan amsa ce ta sa na yi wannan rubutu. Ni na faɗi, su sun ci, amma a gaskiya babu wadda ta san abin da take yi a cikinmu. Ra'ayina shi ne mu daina haddace ikweshon, mu koyi ƙirga shi. Kuma ina roƙon malamanmu su taimaka mana mu gan shi da ido, mu taɓa shi da hannu, mu ji bayaninsa da Hausa kafin mu rubuta shi da Turanci.

Bari in fara da yadda ni na gane shi. Yayana yana karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta nan Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka mayar da sunanta na Aliko Ɗangote a 2022. Da ya ga takardata bai yi mini dariya ba. Ya ce in shiga kicin in ɗebo masa wake da gyaɗa mai ɓawo. Muka zauna a tabarma. Ya ajiye ƙwayar wake ɗaya ya ce, "Wannan ce atam ɗin maganiziyam." Ya ajiye gyaɗa ɗaya da ɓawonta ya ce, "Wannan kuma oksijin ce. A cikin iska ba ta yawo ita kaɗai, kullum biyu-biyu take tafiya, kamar yadda 'ya'ya biyu suke cikin ɓawon nan. Abin da O₂ yake nufi ke nan." Sai ya ce in fasa gyaɗar, in haɗa kowane ɗan gyaɗa da ƙwayar wake ɗaya, domin MgO maganiziyam ɗaya ne da oksijin ɗaya.

Na fasa. Na haɗa wake da ɗan gyaɗa ɗaya. Ɗayan ya yi saura a tabarma ba shi da abokin tafiya. Yaya ya ce, "To, ƙanwata, yaya za ki yi da wannan? Ba a yarda ki cinye shi ba, ba a yarda ki jefar ba." Na ce sai dai in ƙaro wake ɗaya. Na ƙaro. Yanzu ina da wake biyu da gyaɗa ɗaya a farko, na kuma samu haɗi biyu a ƙarshe. Ya ce in rubuta abin da na yi. Na rubuta:

2Mg + O₂ → 2MgO

Ko minti biyar ba mu yi ba. Abin da na kwana ina maimaitawa ban riƙe ba, ga shi na fitar da shi da hannuna, kuma tun daga ranar ban sake mantawa ba.

Daga nan ya nuna mini laifin 'yar 2 ɗin da na liƙa. Lambobi iri biyu ne a ikweshon. Akwai babbar lamba ta gaba, wadda take faɗin guda nawa aka ɗebo. Akwai ƙaramar lamba ta ƙasa, wadda take faɗin yadda aka gina abin. Ta gaba taki ce, ki ƙara ki rage yadda lissafi ya nema. Ta ƙasa kuwa idan kika taɓa ta, kin canza abin gaba ɗaya. Ya ba ni misali da ruwa. H₂O shi ne ruwan da muke sha. Idan aka ƙara masa 'yar 2 ya zama H₂O₂, ya koma ruwan nan da ake sayarwa a kemis ana wanke ciwo da shi yana kumfa, wanda babu mai hankalin da zai zuba a kofi ya sha. To haka MgO₂ da na rubuta, wani sinadari ne daban, ba shi ne farar tokar da take fitowa idan an ƙona maganiziyam ba. Malam bai zalunce ni ba da ya ba ni sifiri.

Dokar da ta hana ni cinye ɗan gyaɗar nan tana da asali. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Antoine Lavoisier ya riƙa auna abubuwa a sikeli kafin su haɗu da bayan sun haɗu, a cikin mazubi rufaffe, ya ga nauyin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ya rubuta wannan a littafinsa na 1789. Matarsa Marie-Anne ce take zana masa hotunan kayan aikin tana kuma rubuta sakamakon gwaje-gwajen, kuma na ji daɗin jin haka. Ma'anar dokar ita ce atam ba ya ɓata, ba ya kuma fitowa daga babu, abokin zama kawai yake canzawa. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ranar Juma'a ya san idan aka loda shanu ashirin a mota a Wudil, ashirin ake tsammanin a sauke a inda za a kai su. Idan aka sauke goma sha tara, sai an yi bayani. Daidaita ikweshon ƙirga irin wannan ce, abin da ya shiga ta hagu dole ya fita ta dama.

Ga wani abu da hadda ba za ta taɓa amsa mana ba. Idan aka ƙona itace a murhu, tokar ba ta kai itacen nauyi ba. Amma idan aka ƙona maganiziyam, tokarsa ta fi shi nauyi. Giram 24 na maganiziyam yana ba da giram 40 na toka. Daga ina ƙarin giram 16 ya fito? Wadda ta ƙirga wake da gyaɗa ta san amsa, oksijin ne daga iska ya shigo ya zauna a cikin tokar. Nauyin atam ɗin maganiziyam 24 ne, na oksijin 16, idan aka haɗa 40. A ikweshon ɗin kuma 48 da 32 a hagu, 80 a dama. Shi kuma itace, yawancin nauyinsa yana tashi sama ne a matsayin iskar kabon dayoksaid da tururi da hayaƙi, shi ya sa abin da ya rage a murhu kaɗan ne. Dokar ɗaya ce a duka biyun.

Na gwada dabarar a wani ikweshon ni kaɗai, don in tabbatar ba sa'a ba ce. Idan aka jefa maganiziyam cikin asid ɗin HCl yana narkewa yana fitar da kumfa:

Mg + HCl → MgCl₂ + H₂

Na mayar da masara kulorin, dawa kuma haidirojin. Kowane HCl yana zuwa da masara ɗaya da dawa ɗaya. Waken nan kuma masara biyu yake nema kafin ya zama MgCl₂. Ke nan sai an kawo HCl biyu. Da na kawo, dawa biyu suka yi saura, suka haɗu suka zama H₂, wato iskar da take fita a kumfar. Amsa ta fito: Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂. Ban buɗe littafi ba sai da na gama, na duba na ga daidai ne.

Na san akwai masu ganin ba haka ba, kuma na ji maganganunsu a aji da wajen tara. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu sun ce wannan karatun 'yan aji huɗu ne, mu 'yan ƙaramar sakandare me ya dame mu. Gaskiya ne a babbar sakandare ake shiga cikinsa sosai, mu ɗanɗana mana kawai ake yi. Amma a aji uku ne ake yanke shawarar wa zai tafi ɓangaren kimiyya. A nan ne masu so suke zana jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977, da ta 'yan mata da ke Garko nan kusa da mu. Na san ƙawayena da suke son zama likitoci tun muna firamare, amma yanzu suna cewa su ba za su iya kimiyya ba, kansu ba ya ja. Da na bincika, irin wannan jan biron ne ya tsorata su. Yarinyar da take ƙirga canjin cefane a ka ba tare da kuskure ba, ba za a ce ba za ta iya ƙirga atam huɗu ba. Ba a nuna mata cewa ƙirga ce ba, shi ke nan. Idan ta gudu daga kimiyya tun tana shekara goma sha uku, da wuya ta dawo.

Wasu sun ce hadda tana cin jarrabawa, kuma jarrabawa muka zo ci. Ni ban raina hadda ba. Akwai abin da dole sai an haddace. Babu yadda za a yi ki gano da wake cewa alamar maganiziyam Mg ce, ko lambarsa a jadawalin sinadarai 12 ce, ko sodiyam Na ake rubuta shi. Waɗannan sai hadda, kamar jadawalin sau. Amma ikweshon ba su da iyaka. Idan kin haddace goma, mai fitar da tambaya yana da na goma sha ɗaya. Ranar da ya kawo wanda babu a littafinki, ko ya juya wanda kika sani, hadda za ta tsaya ta bar ki. Mai ƙirga kuwa ko ba ta taɓa ganin ikweshon ɗin ba za ta zana layi biyu, hagu da dama, ta fara lissafi. Kuma tana da wata riba, tana iya duba amsarta da kanta kafin ta miƙa takarda.

Wasu sun ce jarrabawa da Turanci ake yi, saboda haka bayani da Hausa ɓata lokaci ne. Ni ban ce a daina Turanci ba, ina ma son in ƙware a cikinsa. Abin da na lura shi ne, idan Malam yana bayani da Turanci zalla, aiki biyu muke yi a lokaci ɗaya, muna kokawa da kalmomi muna kokawa da ilimin. Sau da yawa kalmomin ne suke kayar da mu kafin mu kai ga ilimin. Da Yaya ya ce mini "ta gaba taki ce, ta ƙasa ba taki ba ce," nan take na gane, kuma da na koma littafi sunayen Turancin suka zauna mini ba wahala, domin na riga na san abin da suke nufi. Minti biyar na Hausa a farkon darasi ba zai rage mana Turanci ba. Mg kuwa Mg ne a Kano da Landan da Sin.

Magana ta huɗu ita ce ta fi ƙarfi, kuma malamai ne suke yin ta. Sun ce kayan gwaji ba sa isa, aji ya cika, lokaci kaɗan ne, kuma ƙona maganiziyam yana da haɗari. Duk gaskiya ne, muna gani da idonmu, kuma mun san malamanmu suna ƙoƙari da abin da ke hannunsu. Haɗarin ma na gaske ne. Maganiziyam yana ci da farin haske mai kashe ido, ba a ƙura masa ido, kuma ba a zuba wa wutarsa ruwa domin ƙara mata ƙarfi yake yi. Saboda haka ban ce a raba wa kowace ɗaliba ashana ba. Ɗan zirin da bai wuce tsawon yatsa ba, a hannun Malam shi kaɗai, da abin riƙewa, mu kuma muna nesa, ya ishi aji guda. Ni a wayar Yaya kawai na taɓa ganinsa, kuma ko a nan ma sai da na ce a maimaita mini sau uku. Gani ya kori ji. Idan kuma zirin bai samu ba a bana, wake da gyaɗa da masara ba sa buƙatar ɗakin gwaji. Gwangwani ɗaya na kowanne ya ishi ajinmu har ƙarshen shekara, in dai ba a cinye gyaɗar ba.

Wata za ta ce, to bayan jarrabawa ina amfanin duk wannan? Ni ma na yi wannan tambayar. Ashe maganiziyam yana tare da mu kullum. Wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware shi a 1808, sunansa kuma daga wani yanki ne na ƙasar Girka da ake kira Magnesiya. Amma tun kafin a san sunansa yana cikin kowane koren ganye, domin a tsakiyar sinadarin da yake sa ganye ya yi kore akwai atam ɗin maganiziyam, kuma da wannan sinadarin shuka take kama hasken rana. Zogalen da muke kwaɗo da alayyahun da ake nomawa a bakin kogi duk suna ɗauke da shi. Yana cikin ƙashinmu. Yana kuma cikin farin maganin nan mai kauri da iyayenmu suke sha idan ƙwannafi ya dame su. Cikin mutum yana da asid ɗin HCl, wanda muka gani ɗazu. Idan ya addabi mutum, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, mai ɗauke da Mg(OH)₂, yana kashe masa kaifi kamar haka:

Mg(OH)₂ + 2HCl → MgCl₂ + 2H₂O

Ku ƙirga da kanku. Maganiziyam ɗaya hagu ɗaya dama, kulorin biyu da biyu, oksijin biyu da biyu, haidirojin huɗu da huɗu. Asid mai ƙuna ya koma wani irin gishiri da ruwa. Lambar 2 ɗin nan tana gaya wa mai haɗa magani cewa kowane ɗaya na maganin yana kashe biyu na asid, kuma da irin wannan lissafi ake sanin yawan da za a zuba.

Akwai wanda ya fi wannan taɓa ni. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce. Da ta ji ina ta maganar maganiziyam sai ta ce ai su ma suna aiki da shi. Allurar da ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta, maganiziyam salfet ce, MgSO₄, kuma tana ceton rayukan mata. Ta ce auna ta ake yi da kyau, ana lura da numfashin mara lafiya, domin idan ta yi yawa ita ma illa ce. Na yi shiru ina tunani. Wata rana wasu daga cikin masu karanta wannan allo su ne za su riƙe wannan sirinji, ko su haɗa maganin, ko su koyar da masu haɗawa. Idan 'yar'uwata ce a kwance, na fi son wadda take riƙe da sirinjin ta zama ta saba tambayar "guda nawa, kuma don me" tun tana aji uku.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Na farko ga malamanmu na kimiyya, cikin girmamawa. Malam, don Allah kafin a rubuta mana amsa a allo, a bar mu mu ƙirga, ko da wake ko da tsakuwa ko da marafan kwalba, a kuma ba mu bayanin farko da Hausa. Idan an zo gwaji, a riƙa ba da maki ga wadda ta nuna ƙirgarta ta hagu da dama, ko da ta yi tuntuɓe a ƙarshe, domin a bambanta ta da wadda ta kwafo daga ka.

Na biyu ga shugabar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Muna roƙon a nema mana zirin maganiziyam ko kaɗan ne, a nuna wa kowane aji uku sau ɗaya kafin mu fita. Jami'ar kimiyya tana garinmu, kuma da yawa daga cikinmu muna da yayye a can. Idan aka rubuta takarda aka gayyaci wasu daga cikinsu su zo wata ranar ƙungiyoyi, ina kyautata zaton za su amsa.

Na uku gare mu ɗalibai. Mu daina jin kunyar tambaya. Idan aka ce a sa 2, mu ɗaga hannu mu ce, "Malam, don me?" Idan ƙawarki ta gane ke ba ki gane ba, ki zauna kusa da ita lokacin tara. Wadda ta gane kuma kada ta ce haka yake a littafi, ta ɗebo tsakuwa ta nuna.

Ga aikin gida daga Ƙungiyar 'Yan Jarida. Lokacin da maganiziyam yake ci a iska, kaɗan daga cikinsa yana haɗuwa da naitirojin. Kuma wutarsa ba ta mutuwa a cikin kabon dayoksaid, ƙwace oksijin ɗin cikinta take yi ta bar baƙin kabon. Ku daidaita waɗannan biyun:

Mg + N₂ → Mg₃N₂

Mg + CO₂ → MgO + C

Sharaɗi ɗaya ne, kada a taɓa ƙaramar lamba ta ƙasa. Ku rubuta amsa da ƙirgarku ta hagu da dama a takarda, ku sa aji, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da suka yi daidai a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malamai ma an yarda su shiga.



Daga wata ɗaliba 'yar aji uku, Ƙungiyar 'Yan Jarida.